Kemoterafi: Abin da Majinyaci Zai Tarar a Zaman Farko da Illolin da Kan Biyo Baya

Kemoterafi shi ne jinyar cutar daji, wadda aka fi sani da sankara ko kansa, da magunguna masu ƙarfi waɗanda ke bin jini su kashe ƙwayoyin cutar ko su hana su ƙaruwa. Yana cikin manyan hanyoyi uku da asibitocin Nijeriya suka dogara da su wajen yaƙi da wannan cuta. Sauran biyun su ne tiyata da gasa ƙari da na'ura. Alƙaluman cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa an samu sababbin masu cutar sama da 127,000 a Nijeriya a wannan shekara, kuma ta yi ajalin kusan mutum 80,000. Sankarar mama ce ta fi yawa, sai ta mafitsara da ke kama maza, sai ta bakin mahaifa.

Da yawa daga cikin waɗanda likita ya rubuta wa kemoterafi sukan ji tsoronsa fiye da cutar kanta, saboda abin da suka ji ana faɗa ko suka gani a jikin wani. Wasu kan ƙi zuwa, wasu kuma su yi zama ɗaya ko biyu su daina, sai cutar ta yi nisa su dawo. Alhali zaman farko a asibiti galibi lafiya lau yake wucewa. Abin da ke buƙatar shiri da sa ido shi ne makonni biyu zuwa uku da majinyaci zai yi a gida bayansa, lokacin da ya wajaba shi da iyalinsa su iya bambance illar da aka saba gani, wadda ake lallaɓawa a gida, da alamar da ke buƙatar a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Yadda maganin ke aiki

An gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta waɗanda ke rabuwa su samar da sababbi bisa tsari. Ƙwayoyin cutar daji sun fita daga wannan tsari, suna ta rabuwa babu tsayawa. Magungunan kemoterafi suna farmakar ƙwayoyin da ke cikin rabuwa: wasu su lalata sinadarin gado da ke cikin ƙwayar, wasu su hana ta tsagewa gida biyu. Sai dai akwai lafiyayyun ƙwayoyi da su ma ke saurin rabuwa, wato na ɓargo inda ake sarrafa jini, da na tushen gashi, da na fatar cikin baki da hanji, da na haihuwa. Maganin yakan shafe su, kuma daga nan ne mafi yawan illolin suka samo asali. Lafiyayyun ƙwayoyi sukan farfaɗo cikin 'yan makonni, na cutar kuwa ba su da irin wannan ƙarfi na gyara kansu.

An fara gwada wannan hanya a kan mai cutar daji a shekarar 1942 a Jami'ar Yale da ke Amurka, da wani sinadari mai dangantaka da iskar gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1948 Dakta Sidney Farber na birnin Boston ya wallafa yadda wani magani ya kwantar da sankarar jini a jikin yara na ɗan lokaci. Nijeriya ma tana da nata rabon a wannan tarihi. A shekarun 1960 Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan ƙasar Kamaru da ke aiki a Ibadan, yana cikin likitocin da suka nuna cewa magani kaɗai na iya narkar da sankarar kaluluwa ta Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙi da cikin yara a Afirka. Wannan aiki ya sa ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972.

Manufar jinyar da tsarin zagaye

Dalilin ba da kemoterafi ya bambanta daga majinyaci zuwa majinyaci. Akan ba da shi domin warkar da cutar gaba ɗaya, kamar a wasu nau'o'in sankarar jini da ta kaluluwa. Akan ba da shi kafin tiyata don ƙari ya ƙanƙance ya yi sauƙin cirewa, ko bayan tiyata don kashe ragowar ƙwayoyin da ido ba ya gani. Akan haɗa shi da gashin na'ura, kamar yadda ake yi a sankarar bakin mahaifa, inda ake ba da maganin sisfilatin sau ɗaya a mako. Idan kuma cutar ta riga ta bazu, akan ba da shi don rage raɗaɗi da tsawaita rayuwa. Haƙƙin majinyaci ne ya tambayi likita wace ce manufar tasa jinyar.

Ba a ba da maganin gaba ɗaya a lokaci guda. Ana raba shi zuwa zagaye, kuma kowane zagaye ya ƙunshi ranar karɓar magani da kwanakin hutu da jiki zai farfaɗo. Tsarin da aka fi gani shi ne zama ɗaya a kowane kwana 21, amma akwai na mako-mako da na bayan mako biyu. Jinya kan ɗauki zagaye 4 zuwa 8, wato kimanin wata 3 zuwa 6. A sankarar mama, alal misali, sau da yawa akan yi zagaye 4 da doksorubisin haɗe da saiklofosfamaid, sannan a biyo da faklitaksel ko dositaksel. Mafi yawan magungunan ta jijiyar jini ake ba da su, amma akwai na haɗiya, irin su kafesitabin, waɗanda ƙarfinsu da illolinsu ba su gaza na allura ba.

Gwaje-gwaje kafin ranar farko

Ba a fara kemoterafi sai an tabbatar da irin cutar ta hanyar yankar ɗan nama daga ƙarin a duba a ɗakin gwaji, an kuma ɗauki hotuna don gano inda ta kai. Daga nan akan yi gwajin jini don ƙirga fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, da jajaye masu ɗaukar iska, da ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Akan duba lafiyar ƙoda da hanta, domin su ne ke fitar da maganin daga jiki. Akan auna nauyi da tsawo, saboda da su ake lissafin adadin maganin da ya dace da kowane mutum. Wannan ne ya sa ba a kwatanta adadin wani da na wani.

Gwajin ciwon hanta nau'in B yana da muhimmanci sosai a Nijeriya, inda mutane da yawa ke ɗauke da ƙwayar ba tare da sun sani ba. Kemoterafi na iya tayar da ita ta lalata hanta, amma idan an gano tun farko akwai maganin kariya da ake haɗawa. Akan yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da gwajin juna biyu ga macen da ke shekarun haihuwa. Wanda za a ba doksorubisin akan yi masa hoton zuciya tukuna, domin maganin na iya raunana ta idan ya taru da yawa a jiki.

Dole majinyaci ya sanar da likita duk wata larura da yake da ita, kamar ciwon suga, hawan jini, asma ko sikila, da duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya. Mai ruɓaɓɓen haƙori ya kamata a duba shi kafin a fara, domin cire haƙori a tsakiyar jinya yana da haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Wanda yake fatan haihuwa nan gaba, namiji ko mace, ya faɗa tun kafin zaman farko.

Shirin ranar

Ba a buƙatar zuwa da yunwa. Abinci mara nauyi, kamar koko ko kunu da burodi, ya wadatar, kuma shan ruwa sosai tun jajibiri yana sauƙaƙa samun jijiya. Ya kamata a sa tufafi masu yalwa waɗanda hannunsu ke naɗuwa, a tafi da katin asibiti da sakamakon gwaje-gwaje da duk magungunan da ake sha, da ruwa da ɗan abin taɓawa, da mayafi ko bargo saboda sanyi. A tafi da ɗan rakiya, kuma kada majinyaci ya tuƙa mota ko babur da kansa a ranar, domin wasu magungunan share fage na sa barci. Ɗan rakiyar ya riƙe takarda da biro ya rubuta bayanin da za a yi, tunda mai fargaba ba ya riƙe duk abin da aka faɗa masa.

Abin da ke faruwa a ɗakin magani

Da isowa, ma'aikatan jinya za su auna zafin jiki da bugun jini da nauyi, likita kuma ya duba sakamakon jini ya tabbatar za a iya ba da magani a ranar. Za a yi wa majinyaci bayani, ya sa hannu a takardar amincewa. Sau da yawa sai bayan wannan ne ake haɗa maganin, don haka akan yi jira na sa'a ɗaya ko fiye.

Daga nan za a saka ƙaramar roba da ake kira kanula a jijiyar bayan hannu ko damtse. Zafin da ake ji bai wuce na sukar allurar ƙarin ruwa ba. Matar da aka cire wa kaluluwar hammata lokacin tiyatar mama akan guje wa saka mata a hannun da ke ɓangaren. Ga wanda jijiyarsa ke wuyar samu, akwai wata ƙaramar na'ura da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji a wasu asibitoci.

Kafin ainihin maganin, akan fara da magungunan share fage: na hana amai irin su ondansitiron da dekzametason, da na hana jiki yin bore idan za a ba da faklitaksel ko dositaksel. Sannan a ɗaura ledar maganin ya riƙa ɗiga, ko ma'aikaciyar jinya ta tura shi a hankali da sirinji. Ma'aikatan kan sa safar hannu da riga ta musamman domin kullum suna cikin mu'amala da waɗannan sinadarai, ba don ƙyamar majinyaci ba. Zama na iya ƙarewa cikin minti 30, na iya kai sa'a 6 ko fiye, musamman ga mai karɓar sisfilatin wanda ake haɗa wa ruwa mai yawa don kare ƙoda. Zaman farko ya fi sauran tsawo. Yawancin mutane kan koma gida a ranar, wasu tsare-tsaren kuma sai an kwana.

Shigar maganin kansa ba ya ciwo. Akan ji sanyi na bin hannu, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki. Abubuwa biyu ne ba a yin shiru a kansu. Na farko, zafi ko raɗaɗi ko kumburi a wurin allurar, domin alama ce ta cewa maganin na tsiyaya a wajen jijiya, kuma wasu, kamar doksorubisin da binkiristin, na iya ƙona nama. Na biyu, ƙaiƙayi, ɗumamar fuska, ciwon baya, nauyin ƙirji ko sarƙewar numfashi, waɗanda galibi kan zo a mintunan farko. Ana faɗa, za a tsayar da maganin a ba da na kwantarwa. Kawaici da jin nauyin ma'aikata a wannan lokaci cutarwa ne.

Kada a bar asibiti sai an karɓi magungunan hana amai na sha a gida, da ranar gwajin jini da ta zama na gaba, da bayanin inda za a je ko lambar da za a kira idan matsala ta taso da dare.

Kwanakin farko a gida

Ragowar maganin yakan fita ta fitsari da bayan gida da amai har kimanin sa'a 48, wasu ma fiye. A wannan lokaci a kora ruwa sosai bayan an yi amfani da ban-ɗaki, a wanke hannu da sabulu, mai share amai ko wanke zanin da ya ɓaci ya sa safar hannu, a kuma wanke irin waɗannan tufafi daban. Ma'aurata su yi amfani da kwaroron roba a waɗannan kwanaki. Ban da wannan babu dalilin ware majinyaci: ana cin abinci tare da shi, yana ɗaukar 'ya'yansa, kuma ba a ɗaukar cutar daji daga wani.

Wanda aka ba doksorubisin zai ga fitsarinsa ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu. Launin maganin ne ya jawo haka. Dekzametason kan hana barci, ya kawo shaƙuwa, ya kuma ɗaga sukarin jini, don haka mai ciwon suga ya riƙa aunawa. Ana so a sha ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, sai fa wanda likita ya taƙaita wa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Ga mai karɓar saiklofosfamaid, yawan shan ruwa da rashin riƙe fitsari suna kare mafitsara.

Illolin da aka fi gani

Babu majinyacin da ke samun dukkan illolin, kuma tsananinsu ya danganta da irin magani da adadinsa da ƙarfin jikin mutum. Tsananin illa ko sauƙinta ba ma'auni ba ne na yadda maganin ke aiki.

Tashin zuciya da amai: Na iya farawa cikin sa'o'i kaɗan, ko ya jinkirta zuwa bayan kwana ɗaya ya ɗauki kwana 3 zuwa 5. A sha maganin hana amai a kan lokacin da aka tsara, ba sai zuciya ta fara tashi ba. Cin abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, da nisantar maiƙo da ƙamshin girki, da shan shayin citta suna taimakawa. Idan maganin bai yi aiki ba a zagayen farko, a faɗa wa likita ya canza ko ya ƙara wani.

Gajiya: Ita ce illar da ta fi yawa, kuma barci ba ya kawar da ita gaba ɗaya. Takan tsananta a makon farko, ta kuma ƙaru yayin da zagaye ke taruwa. Ɗan tattaki kullum ya fi kwanciya wuni guda amfani. Idan ta zo da jiri, haki da bugun zuciya, wataƙila ƙarancin jini ne, wanda wani lokaci kan buƙaci ƙarin jini.

Raguwar ƙwayoyin jini: Wannan ce illar da ba a gani da ido, kuma ita ce mafi haɗari. Fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa sosai tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan zama, sannan su farfaɗo kafin kwana na 21. A wasu tsare-tsare akan yi allurar filgirastim don zaburar da ɓargo, kuma takan sa ciwon ƙashi. Raguwar ƙwayoyin da ke tsayar da jini kan kawo haɓo, zubar jini daga dasashi da taruwar jini a ƙarƙashin fata.

Zubewar gashi: Ba kowane magani ke zubar da shi ba. Waɗanda ke yi, kamar doksorubisin da faklitaksel, sukan fara ne mako 2 zuwa 3 bayan zaman farko, kuma abin na iya shafar gira da gemu. Gashin yakan fara tsirowa 'yan makonni bayan kammala jinya, ya rufe kai cikin wata 3 zuwa 6, wani lokaci da laushi ko launi daban. Rage shi tun da wuri da barin kitso mai tsauri da man shaƙe gashi na rage ciwon fatar kai.

Ciwon baki: Yakan bayyana daga kwana na 5 zuwa na 10. A riƙa goge haƙora da burushi mai laushi, a kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau da yawa a rana, a rage yaji da tsami da abinci mai zafi. Mai amfani da asuwaki ya tausasa shi sosai, ya ajiye shi idan dasashi na jini. Farin abu a harshe ko maƙogwaro na buƙatar maganin likita.

Gudawa ko ƙullewar ciki: Wasu magunguna na sa gudawa, wadda ake tara da ruwan gishiri da sukari. Binkiristin da ondansitiron da magungunan raɗaɗi masu ƙarfi kuwa suna ƙulle ciki, don haka akan haɗa da maganin sassauta shi.

Mutuwar yatsu: Faklitaksel, binkiristin, sisfilatin da okzalifilatin na iya taɓa jijiyoyin ji, mutum ya riƙa jin yatsun hannu da ƙafa sun mutu ko kamar ana tsikararsu. Mai karɓar okzalifilatin ya guji ruwan sanyi da taɓa ƙanƙara na wasu kwanaki. A sanar da likita da wuri, domin idan abin ya yi nisa yana iya daɗewa ko ya zauna. Haka ma ƙara a kunne ko raguwar ji ga mai karɓar sisfilatin.

Fata da farce: Sau da yawa farce da tafin hannu da harshe kan yi duhu ga masu baƙar fata, kuma launin yakan washe bayan jinya. Kafesitabin na iya sa tafin hannu da na ƙafa su yi zafi su tsage.

Al'ada da haihuwa: Jinin al'ada na iya rikicewa ko ya ɗauke, na ɗan lokaci ko har abada, musamman ga wadda ta haura shekara 40. Maniyyin namiji ma na iya raguwa. Duk da haka ciki na iya shiga, kuma maganin na cutar da ɗan tayi, don haka ana buƙatar hanyar tazarar haihuwa a tsawon jinya da watannin da likita zai ƙayyade bayanta. Ba a shayar da jariri nono lokacin kemoterafi.

Alamomin da ba a jira da su

Ya kamata kowane gidan da ke da mai karɓar kemoterafi ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan zafin ya kai digiri 38, a tafi asibiti nan take, a kuma faɗa wa ma'aikatan sashen gaggawa tun daga bakin ƙofa cewa mutumin yana karɓar kemoterafi, da ranar zamansa na ƙarshe. Lokacin da fararen ƙwayoyin jini suka yi ƙasa, ƙaramar cuta na iya bazuwa cikin jini ta kashe mutum cikin sa'o'i, shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a ɗaya da isowa.

Babban kuskuren da ake yi a ƙasarmu shi ne ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro, a sayi magani a kemis a zauna jiran sauƙi. Ko da zazzaɓin cizon sauron ne, a asibiti za a tabbatar, a kuma duba yawan ƙwayoyin jini. Kada a sha farasitamol kafin a auna zafin jiki, domin yana ɓoye zazzaɓi.

Sauran alamomin gaggawa su ne rawar ɗari ko galabaita kwatsam ko da babu zazzaɓi, aman da ya hana ruwa zama a ciki, gudawa sau huɗu ko fiye a rana, jinin da ya ƙi tsayawa, ko jini a amai, fitsari ko bayan gida, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ruɗewa, ɗaukewar fitsari, ciwon bakin da ya hana ci da sha, da ƙuna ko bororo a inda aka sa allura.

Kariya, abinci da azumi

A kwanakin da garkuwar jiki ta yi ƙasa, a rage shiga cunkoso, a taƙaita 'yan dubiya, a hana mai mura ko tari ko yaro mai ƙyanda ko ƙarambau kusantar majinyaci. A kwana cikin gidan sauro, a yawaita wanke hannu. A sha tsaftataccen ruwa ko wanda aka tafasa, a ci abinci mai zafi da aka dafa a gida, a guji nonon da ba a dafa ba, da ƙwai ko naman da bai nuna ba, da ɗanyen ganye da abincin bakin titi. Jiki na buƙatar abinci mai gina shi, irin su wake, ƙwai, kifi, nama da gyaɗa, kuma babu hujjar hana majinyaci waɗannan da sunan hana ƙari girma. A dakatar da ƙaho da tsaga da aski da askar da ka iya yanka. Kada a sha asfirin, ibufurofen ko diklofenak, kada kuma a yi allurar rigakafi, sai da izinin likita.

Jiƙe-jiƙe da sassaƙe na iya ɗora wa hanta da ƙoda nauyi a daidai lokacin da suke fama da fitar da maganin, wasu kuma na rage ƙarfinsa ko su ƙara gubarsa. Addu'a ba ta cin karo da jinya, amma duk abin da zai shiga ciki a nuna wa likita tukuna. Game da azumi, addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma ƙishirwa a kwanakin da ke kusa da zama na iya cutar da ƙoda, don haka a nemi shawarar likita kafin a ɗauka.

Kuɗi da tallafi

Tsadar magani na cikin manyan dalilan da ke sa mutane yanke jinya. Yana da kyau iyali su nemi lissafin kuɗin dukkan zagayen tun farko, har da na gwaje-gwaje da sufuri da masauki. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da wani shirin haɗin gwiwa na rage farashin magungunan kemoterafi a wasu asibitocin koyarwa. A 2021 kuma aka fara asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsara a asibitoci shida: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Asibitin Ƙasa da ke Abuja, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da asibitocin koyarwa na Ibadan, Benin da Inugu. Cibiyar Bincike da Jinyar Cutar Daji ta Ƙasa, NICRAT, ita ce hukumar tarayya da ke kula da al'amuran wannan cuta. Sashen jin daɗin jama'a na asibiti shi ne wurin neman bayanin tallafin da ake da shi. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan jabun magungunan cutar daji, don haka ya fi aminci a saya a kantin maganin asibiti, musamman da yake wasu sai a cikin firiji ake adana su.

Zama na biyu da kammala jinya

Kafin kowane zama akan maimaita gwajin jini. Idan ƙwayoyin ba su farfaɗo ba, likita kan ɗage zaman da mako ɗaya ko ya rage adadin maganin, kuma wannan abu ne da aka saba yi. Majinyacin da ya rubuta abin da ya ji a kowace rana ta zagayen farko yana sauƙaƙa wa likita gyara magungunan tallafi, shi ma ya san kwanakin da zai iya aiki da waɗanda zai huta, domin illolin kan bi kusan tsari ɗaya a kowane zagaye.

Ƙarin na iya ƙanƙancewa ko ya ɓace bayan zagaye biyu ko uku, amma ƙwayoyin da suka rage za su sake yaɗuwa idan aka tsaya, kuma wani lokaci maganin ba ya yi musu tasiri kamar da. Wanda illa ta yi wa nauyi, ko kuɗi suka yanke masa, ko zuciyarsa ta karaya, ya koma ya faɗa wa likitansa kafin ranar zama ta wuce. Ana iya canza magani, a rage adadi, a ƙara na tallafi ko a nemi taimako, matuƙar majinyacin bai yanke zuwa asibiti ba.